Kai ƙara ko "gyara kayanka"?

Wani ɗalibi daga Garwa ya rubuto: "Malam, muna taimakawa a wata manhaja wadda aka bar rubutunta a buɗe, kowa na iya dubawa ya gyara. In shafinta na intanet ya samu matsala muka sanar da masu kula da shi, me sunan wannan da Hausa? Abokaina kai ƙara suke cewa."

Ɗana, kai ƙara bai dace ba. Ƙara tana da wanda ake tuhuma, kuma gaban alƙali ko fadar Lamiɗo ake kai ta. Ƙorafi ma na wanda yake ganin an tauye masa haƙƙi ne. To wa ya tauye maka? Irin wannan manhaja aikin gayya ce, kamar Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma da yawan masu yin ta 'yan sa-kai ne. Ku ce kai rahoto.

Hausawa sun riga sun yi wa wannan hali magana: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutum ne ya ɗauko kaya, ɗaurin ya karkace bai sani ba, na bayansa ya hango ya ce masa gyara. Ba rabo yake nema ba, ba kuma raini ba ne. Ina so mai kai rahoto ya rubuta da wannan zuciya, wanda aka kai wa ma ya karɓa da ita.

Ita matsalar kuwa, Turawa "bug" suke ce mata, wato ƙwaro. A 1947 an taɓa ciro ƙwaro na gaske daga wata kwamfuta a Jami'ar Harvard aka manna shi a littafin aiki, ko da yake kalmar ta girmi wannan rana. Mu tangarɗa ta ishe mu. Kuskure na mutum ne, misali a rubutu. Aibi kuwa ku bar shi, zargi ne a cikinsa.

Wata malama daga Njamena ta tambaya: "Tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba masu rubuta manhajar ne kaɗai suka san matsalarta ba?"

Malama, mai ɗaki a nan shi ne mai kwana a ciki, ba magini ba. Ke da kika buɗe shafin a wayarki kika ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna, har "ƙasa" ba ta karantuwa, ke ruwa ya zubo wa. Wanda ya tsara shafin a Jamus wataƙila bai taɓa buga harafi mai lanƙwasa ba.

Sai dai "shafi ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Faɗi wane shafi, wace waya, da wace manhaja kika buɗe shi, Firefox ko Chrome, me kika danna, me kika sa ran gani, me ya fito. Haɗa da hoton fuskar wayar, don gani ya kori ji. Kafin ki aika, duba GitHub ko Bugzilla, duk inda masu aikin suke tara rahotanni, ko wani ya riga ki. In ya riga ki, ƙara bayaninki a ƙarƙashin nasa.