Ga mai tambaya kan halittun wasu duniyoyi

Ɗan'uwa, tambayarka ta sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi, mu masu son ilimin taurari a Kano. Ka ce ka faɗa a majalisa cewa mai yiwuwa akwai masu rai a wata duniyar, aka yi maka ca, har da mai kiranka ɗan boko aƙida. Kana tambaya ko riƙo da addini ne yake hana mutum yarda.

Alƙaluman da ake yawo da su na Amurka ne. A 2021 cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Pew ta tambayi Amurkawa, kashi 65 cikin ɗari suka ce akwai halittu masu hankali a wasu duniyoyin. Cikin waɗanda ba su yarda da Allah ba kashi 85 ne, masu zuwa wurin ibada duk mako kuwa kashi 44. 'Yan ƙasa da shekara 30 kashi 76, maza kuma sun ɗara mata. Amma masu addinin can galibinsu Kirista ne, kada ka ɗauko wannan ka jibga wa mutumin Fagge ko Kurna. Mu nan idan haske ya gilma da dare, aljani ake cewa. Ba'amurke ya ce baƙi ne daga sama.

Masu saurin kafirta mutum su suka fi ƙona mini rai. Mutum bai buɗe tafsiri ba, bai san babban malamin tafsiri Fakhruddin Razi, wanda ya rasu a 606 bayan Hijira, ya tattauna yiwuwar duniyoyi masu yawa a bayanin Rabbil Alamina ba, amma ya miƙe yana huci a gaban yara. Haba! Ka nuna masa aya ta 29 a Suratu Shura da ta 8 a Suratun Nahli, ka bar shi ya kai wa malaminsa. Kada ka fassara da kanka, nan ake kama mu.

Kuma kada ka ce "akwai". Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurarin, ba a ga rai ko a guda ba.

Bidiyon WhatsApp na fitilun da ake gani a sama ma ka daina turawa, don Allah. Fitilun da ke tafiya a jere bayan magariba taurarin ɗan'adam ne na Starlink masu ba da intanet, hasken rana suke haskawa. Mai ƙyallin nan da ke yamma kuwa Zara ce, matar wata.