Yaya zan koyar da noma ga yaran da suka fi ni iya noma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare ta ƙauye a ƙaramar hukumar Wurno. Bana aka ɗora mini darasin aikin gona na aji biyar. A birni na tashi, ban taɓa riƙe fartanya da sunan aiki ba. Yaran kuwa da noma suka buɗe ido, in ina karanta musu abin da ke littafi sai in ga suna ƙunshe dariya. Makarantar ba gona, ba katanga, rijiya ɗaya ce tal. Wani uba ma ya ce mini boko ya kawo ɗansa ya koya, in noma ne akwai shi a gida. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar uban nan kada ki yi watsi da ita. Yaron da ya yi firi ya yi maimai, ya ɗaure dami da hannunsa, ba ya bukatar ki nuna masa yadda ake kama ƙotar fartanya, in kin gwada ma kunya za ki sha. Abin da ba ya samu a gida shi ne aunawa, da rubutawa, da sanin dalilin abin da yake gani kullum. Nan ne aikinki yake, kuma a nan kin fi su.

Rashin gonar ma kada ya dame ki. Daminarmu a Sakkwato gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ƙarfinta a Agusta, daidai lokacin da yara suke dogon hutu. Na sha ganin gonar makaranta an shuka ta da murna, kafin a dawo ciyawa ta shanye ta, abin da ya rage awaki sun ƙarasa. Mafi muni shi ne inda aka mayar da ita wurin horo: wanda ya makara, fartanya, wanda ya yi surutu, fartanya. Yaron da aka hora da noma shekara shida, da wane baki za a ce masa noma tushen arziki?

Ki fara da gwangwani. Ki samo babban gwangwanin tumatir wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a cire murfin tas. A kafa turke a fili, nesa da bishiya da indararo, a ɗaure gwangwanin a kai yadda ba zai karkata ba. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, yaro ɗaya ya tsoma siririn tsinke a tsaye har ƙasa, ya auna inda ya jiƙe da rula, ya rubuta kwanan wata da yawan milimita, ya zubar da ruwan. Shi ke nan kin kafa ma'aunin ruwan sama. In hutu ya zo, a raba gwangwanaye ga yara uku ko huɗu daga unguwanni dabam-dabam su ci gaba a gida. Ranar da aka dawo a jera littattafan, za su ga da idonsu cewa hadari ɗaya na iya cika wani gwangwani ya bar wani kusan wayam, alhali tafiyar ƙafa ce tsakaninsu.

Daga nan lissafi ya shigo da kansa. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, don haka ruwan milimita 20 a kan hekta lita 200,000 ke nan, wato jarka mai lita 25 har guda 8,000. Ki bar su su fitar da wannan da kansu a allo. Sannan ki gaya musu ƙa'idar da masana noman Sahel ke amfani da ita: ana ɗaukar damina ta zauna idan an samu kamar milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da mako guda ba ruwa a watan da ya biyo baya. Wannan ne bayanin abin da suka sani tun da daɗewa, cewa ruwan farko yakan yaudari mai gaggawa ya yi asarar iri, da kuma cewa mai binne kasada yake yi. A ƙarshen damina su haɗa jimilla. A yawancin shekaru jiharmu tana samun tsakanin milimita 500 zuwa 800, kuma arewa wajen Illela da Gada ba ta kai kudu wajen Tambuwal ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo suna karanta shi. Ki rubuta na yankinku a bango, yara su gwada shi da gwangwaninsu.

Kada ki tsaya ke kaɗai. Ki nemi hedimasta ya gayyato sarkin noma ko wani dattijo da ya san lissafin taurari. Manomanmu suna da kalanda tasu: taurari 28, kowane kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14. A sa yara su ninka 27 sau 13 su ƙara 14, za su samu 365 cif. Fuskar yaro idan ya gano cewa kakansa da bai taɓa shiga aji ba yana riƙe da lissafin shekara a ka, abin kallo ce. Sai dai ki yi hattara da yadda za ki faɗe shi, musamman a garin malamai irin namu: ruwa na Allah ne, taurarin alamun lokaci ne kawai, ba duba ba. Dattijon zai kawo zancen dawowar shamuwa da juyawar iska, duk a rubuta.

Sauran darussan suna nan zube a bakin hanya. Ki tambaye su me ya sa manomi ke sare wasu itatuwa amma ya bar gawo a tsakiyar gona. Za su ce hatsin gindinsa ya fi kyau. To gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Ki sa a tumɓuko wake ɗaya da saiwarsa, a wanke, a duba 'yan ƙulle-ƙullen da ke jiki, a fasa ɗaya a ga cikinsa ja-ja. Ƙwayoyin halitta ne a ciki suke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda ake saye da tsada a buhun yuriya. Dalilin haɗa gero da wake ke nan. A yanke gindin gorunan roba uku, a toshe bakinsu da ƙyalle, a kifa, a zuba rairayin tudu a ɗaya, lakar fadama a ɗaya, rairayi haɗe da takin gida a na uku, a zuba ruwa kofi guda-guda a ga wanda zai riga tsiyayewa. Ba sai kin yi dogon bayani kan me ya sa ake gero a tudu, shinkafa a fadamar kogin Rima ba.

In kina son su shuka wani abu, ki jira kaka. Lokacin kara ya wadata, a yi darni a kewaye kwami biyu kusa da rijiyar. Alayyafo yana isa tsinka cikin wata guda. Albasa, wadda yankinku ya yi suna da ita, tana cin watanni amma ta fi koyar da kasuwa: nawa aka kashe, nawa aka sayar, me ya sa take arha lokacin cira ta yi tsada bayan 'yan watanni. Kafin shuka a gwada irin: ƙwaya 100 a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako a ƙirga waɗanda suka tsiro. Wannan kam iyaye da yawa za su ara.

Aikin gida kuwa, a aike su wurin kakanni su ji labarin farin 1973 da na 1984, wurin iyaye kuma ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje a bakin Rima, ƙasa da madatsar Goronyo. Me aka ci, ina aka je, wane iri ne ya tsira. 'Yan mata kada a bar su a baya: su ne suka san kiwon jar akuyar nan da fatarta ta kai sunan Sakkwato ƙasashen waje, su suka san surfe da busar da kuɓewa da yadda ake tsare wake daga ƙwari.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Maganin feshi kada ya shiga hannun yaro ko da wasa, kuma ki koya musu cewa robarsa ba ta zama gorar ruwan sha komai wankinta. Daga Maris zuwa Mayu kuma, da zafi ke haura digiri 40, duk aikin waje a gama shi kafin ƙarfe 10 na safe.