Ɗinkin manyan dizaina da kuɗin talaka: amsoshin wannan makon

Tambaya: Anti sannu da ƙoƙari, daga Agege nake. Bikin ƙanwata saura wata biyu, na ga doguwar riga mai koset, wato saman riga mai tauri da ke kame jiki, irin ɗinkin dizaina Veekee James a Instagram ta shiga raina sosai, ina da keke Butterfly kuma ina ɗan taɓa ɗinki. In sayi leshi mai tsada in ɗinka da kaina?

Toh ƙanwata zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi, koset ba ɗinkin mai ɗan taɓawa bane. Abin da kika gani a hoto waje ne kawai, kuɗin rigar yana ciki, shafi ninki biyu wani lokaci uku, robobin da ake jerawa a tsaye don rigar ta kama jiki, kofin mama, ga gwaji da ake ta yi a jikin mai kayan kafin ta karɓa, awo ya kauce da rabin inci kaɗai zaki ga gaban yana leƙe baya na tattarewa. Kar almakashi ya taɓa leshinki tukuna. Ki ɗauko tsohon zanin gado ki fara yanka saman rigar a kai, ki saka da rigar maman da zaki sa ranar bikin, ki zauna a kujera, ki ɗaga hannu, ki sunkuya, duk inda ya matse ko ya yi jaka ki sa alli. In sau biyu ya ƙi zama, ki kai wa telan da ya ƙware saman kawai, siket da hannu ki yi da kanki, kinga kuɗin ɗinki ya ragu. Dama dole ki ƙara hannu ki ɗaga wuya, mu ba ma shiga taro haka kafaɗa a waje.

Leshi kuwa matsakaici ya isa, wanda aka yi wa shafi mai kyau ya fi mai tsada da aka ɗinka a karkace. Ki shiga kasuwar Balogun da safe ranar aiki, ki fito da yadin waje ki duba shi a hasken rana don fitilar shago tana ƙarya, ki haɗa zare da zif da shafi a ranar saboda kala ta dace. Yaran nan masu jan hannu a bakin layi kar ki bi su, ladansu a kanki ake ɗorawa.

Tambaya: Daga Idi-Araba, atamfa mai duwatsu nake so, Holan zan saya ko ƙarama ta isa?

Ƙarama mai kyau irin su Hitarget ta isa, ki zaɓi mai manyan zane. Dizaina Lisa Folawiyo da ta fara tun 2005 ta yi suna da wannan aikin a nan Legas, kuma da hannu ake bin zanen atamfar ana ɗinka duwatsun, shi ya sa kayanta ke tsada. Ke ma allura da zare da haƙuri, ki yi wuya da bakin hannu kawai, na liƙawa da gam wanki kaɗan zasu fara zuba. Turmi yadi shida ne amma in kina so zane ya haɗu da zane a wurin ɗinki yana cin yadi, kar ki yi wa kowa alƙawarin ragowa.

Tambaya: Ban iya fitar da fatan ba, wato zanen takarda da ake bi a yanka yadi, kuma kwastomomina suna so in liƙa musu sunan dizaina a wuya.

Ki je gwanjon Katangowa ko Yaba ki nemo riga mai yanka mai kyau ko da ta koɗe, ki farke ta a hankali, ki goge, ki shimfiɗa a takarda ki zana, kin samu fatan. Maganar suna kuma a'a, algus ne wannan, ki buga taki ƙyallen suna na wuyan riga ki sa naki sunan da lambar shagonki.