Sa wa tsohuwar mota abin nuna hanya

Ka tambaye ni, ɗana, idan mutum ya kawo tsohuwar mota, irin Corolla ko Hilux ɗin da suka fito tun kafin a fara sa wa motoci allo, ya ce yana son abin nuna hanya, me za mu sa masa kuma ta ina za mu fara.

Kada ka taɓa sukuru ko ɗaya sai ka tambaye shi ina motar take zuwa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Birni, Zango da kasuwar Dole a nan Damagaram ba, sai jefi-jefi ya tafi Yamai ko ya tsallaka Kano, salularsa ta ishe shi. Ka sa masa mariƙi mai ƙarfi da caja mai kyau, ka sallame shi. Ribarmu kaɗan ce a nan, amma gaskiya ke nan. Sai dai ka kafa mariƙin inda rana ba ta dukansa kai tsaye, don a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, salular da aka manna a gilashin gaba takan yi zafi har ta daina caji ko ta kashe kanta.

Mai bin hanyar Tanut zuwa Agadez, ko Gure zuwa Difa, shi ne ya cancanci rediyo mai allo. Kuma a nan akwai abin da nake so ya zauna maka a kai, don masu mota da yawa sun ɗauka GPS da intanet abu ɗaya ne. GPS taurarin ɗan'adam ne na Amurka, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Na'urar sauraronsu kawai take yi, in ta ji aƙalla huɗu sai ta lissafa inda take. Ba ta cin mega, ba ruwanta da rezo. Taswirar ce ke zuwa ta intanet. In ba ka sauke ta cikin na'urar ba, da zarar rezo ya ɗauke a daji, mai mota zai ga ɗigo yana tafiya a kan farin allo, ba hanya ba gari. Saboda haka tun a gareji ka sauke taswirar Nijar gaba ɗaya a manhajar taswira irin OsmAnd ko Organic Maps, ka haɗa da arewacin Najeriya in yana tsallakawa. Google Maps ma yana yarda a sauke yanki.

Ramin rediyo iri biyu ne. Faɗin ɗaya ne, milimita 180, amma ƙarami tsayinsa 50, babba 100. Ka auna kafin a sayo, kada a kawo maka abin da sai ka yanke gaban motar mutane.

Aikin gaske a wayoyin wuta yake. A na'urar, rawaya ita ce ta batir kai tsaye, ita ke riƙe agogo da abin da aka ajiye. Ja ta makulli ce, sai an murɗa take samun wuta. Baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota, kuma ka kankare fenti da tsatsa kafin ka ɗaure ta. Amma wannan launi na na'urar ne. Motar da ta baro Turai, ta sauka Kwatano, ta bi hannun masu gyara barkatai kafin ta iso Damagaram, ba a yarda da launin wayoyinta. Ka sa mitar awon wuta ka gwada kowace, da makulli a kashe, sannan a kunne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu murɗe ja da rawaya wuri ɗaya su kai wa batir don sauri. Na'urar ba za ta taɓa yin barci ba, motar ta kwana biyu a ajiye batir ya mutu, a je ana zargin mai sayar da batir. Ka sa fiyus a kan rawayar, kusa da inda ka ɗauko wuta. Mahaɗa kuma da dalma, don salatif kaɗai narkewa yake yi a zafinmu, hanya mai gargada ta ƙarasa warware shi. In babbar mota ce, ka duba ko volt 24 take, domin na'urorin nan na 12 ne, sai da abin rage wuta.

Eriyar GPS, ɗan baƙin akwatin nan mai doguwar waya, tana son ganin sama. Roba ba ta tare ta, ƙarfe yana tarewa. Ka kwantar da ita fuskarta na kallon sama, a gindin gilashin gaba ko a ƙarƙashin robar wurin, kada ka cusa ta bayan rediyo cikin ƙarafa. Wasu motocin Faransa gilashinsu na da shafin ƙarfe mai tare zafi, shi ma yana raunana sigina. Kunnawar farko ka fitar da motar daga rumfar kwano, ka ba ta mintuna kafin ka ce eriya ta lalace.

Ka kuma faɗa wa mai mota iyakar abin. Taswira ta san kwalta da manyan garuruwa, amma hanyoyin ƙauye da yawa ba sa ciki, kuma ba ta san inda damina ta yanke hanya ko inda yashi ya rufe ta ba, balle inda ba lafiya. Matambayi ba ya ɓata: ya tsaya a tasha ya ji daga direbobin da suka biyo hanyar ranar.

Kafin ka miƙa makulli, kashe intanet, ka zaga da motar har hanyar Mirya ka ga ɗigon yana bin kwalta. In kun dawo, kashe mota, rufe ƙofofi, jira na'urar ta yi barci, sannan ka sa mita tsakanin batir da wayarsa ka ga abin da take ja. In ya haura miliampa 50 sosai, akwai inda wuta ke zurarewa, ka koma kan ja da rawayar nan.