Filin Tambaya da Amsa: Libarbar gado da harsashin da ba nata ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna kwashe kayan mahaifinmu bayan rasuwarsa sai muka tarar da tsohuwar libarba a ƙasan akwati, naɗe cikin tsumma, an buga .38 a jikinta. Wani ya ce maƙeri zai iya gyara ta ta riƙa cin harsashi iri biyu ko uku. Haka ne? Daga wani mai karatu a Bukuru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, don Allah kada ka kai ta wurin kowane maƙeri.

Lambar .38 ba harsashi ɗaya take nufi ba. Akwai .38 S&W, wanda tsofaffin libarbobin Ingila irin su Webley da Enfield suke ci, akwai kuma .38 Special na Amurka. Na farko ya fi gajarta amma ya fi kauri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan kasuwa sun zurfafa ramukan libarbobi da yawa don su karɓi na biyun. Da yake ramin ya yi wa sabon harsashin faɗi daga gindi, sai kwanson ya riƙa kumbura, wani lokaci ya tsage, iska mai zafi ta feso baya. Da injin kirki aka yi wannan aikin fa, balle a maƙera.

Abin da mutuminka ya ji, wataƙila, labarin harsashin .357 Magnum ne. Gaskiya ne libarbar da aka ƙera don shi tana cin .38 Special ba tare da an taɓa komai ba, domin kaurinsu ɗaya. Amma akasin haka ba ya yiwuwa. Da aka fito da .357 a 1935, da gangan aka ƙara wa kwansonsa tsawon kusan milimita 3 don ya ƙi shiga tsofaffin bindigogi. Matsin da .38 Special yake haifarwa a cikin rami ya kai fam 17,000 a kan kowane murabba'in inci, na .357 kuwa 35,000, wato ninki biyu. Duk wanda ya share wannan shingen, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ka dubi gangar nan mai juyawa, wadda harsasai ke zama a ciki. Bangon kowane rami siriri ne, ya fi siranta daidai inda aka yi 'yar tsagar da ke kulle gangar. Nan ne ƙarfen ke fara karaya. Idan ya fashe, yakan yage ƙarfen saman bindigar, ɓaraguzai su watsu gefe da baya, inda yatsun mai harbi da idonsa suke, da duk yaron da ya tsaya kallo. Tsatsar shekaru tana ƙara rage wa bangon ƙarfi ta inda ido ba ya gani. Haka kuma in ramin bai tsaya saiti da bututun ba, ko da da kaurin gashi ne, harsashin zai goga gefe ya watso gutsattsarin darma. Kamfanoni irin su Ruger da ke sayar da libarba mai ganga biyu da ake musanyawa, a masana'anta ake auna kowace ganga da bindigarta, a gwada ta kafin ta fita.

Sai maganar doka, wadda ta fi damunmu a kanka. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. Ba a gadon lasisi. Ajiye ta a gida ba izini laifi ne da ke kai mutum ɗaurin shekara 10, ƙera bindiga ko gyara ta ba izini shi ma laifi ne daban.

Ka ɗauka akwai harsashi a cikinta. Kada yatsa ya kusanci kunamar, kada bakinta ya kalli mutum. Kulle akwatin, makullin ya zauna a hannunka. Kada ka sa ta a aljihu ka hau hanyar Jos, domin a shingen bincike ba wanda zai tsaya jin labarin gado. Ka tafi hannu rabbana, kai da lauya ko mai unguwa, ka sanar da DPO na yankinku a rubuce, ka haɗa da takardar shaidar rasuwa da duk wata takardar bindigar da kuka gani. Su za su zo su ɗauka. Ka tabbata an ba ka shaidar karɓa mai ɗauke da lambar jikin bindigar, kwanan wata da sa hannu.

Tambaya: Tsofaffin harsasai fa, a ƙone su da shara? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: A'a, Hajiya. Wuta na fasa kwanson, gutsurensa ya isa ya tsiyaye ido. Kada kuma a binne, yara na tono. A bar su a busasshen wuri nesa da murhu, a miƙa su ga 'yan sanda ta hanyar da muka bayyana a sama.