Amsa ga Yaya kan wasan kasuwa a ajin ƙananan yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da malamai na wannan zaure, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari saƙon da kika turo jiya da daddare, inda kika ce kin tambayi autarki abin da aka koya musu ta ce miki kasuwa suka ci, har kika tambaya ko wasa aka turo yara su yi a makaranta ko karatu. Tambayarki tana kan hanya, kuma tunda ni ce malamar ajin, bari in faɗa miki yadda kasuwar ta ci.

Tabarma biyu na shimfiɗa a gindin darbejiya. Murafen kwalba suka zama kuɗi, gwangwanin madara ya zama mudu, yashi ya zama gero. 'Yarki ce ta kasa gero, wani yaro ya zo ya taya, ta ce albarka, ya ƙara, ta sallama a kan murfi biyu kowane mudu. Da ya ce a auna masa uku, sai ta tsaya tana jera murafen bibbiyu a kan tabarma har ta kai shida, ta kuma ƙi ba shi gyara sai da ya cika kuɗin. Yaya, wannan yarinyar ce wadda ta yi wata guda a aji ban ji muryarta ba, ko sunanta na kira sai ta sunkuyar da kai. Ranar kuwa ta yi lissafi, ta yi ciniki, ta jira wani ya gama magana kafin ta amsa. Can gefe wani ya naɗa kansa dillalin awaki, wai shi a Maigatari yake, yana neman la'adarsa, kuma da na tambaye shi ma'anar la'ada ya bayyana wa 'yan ajin da bakinsa.

Mu ma da haka aka rene mu, sai dai ba a kira shi darasi ba. Wace ce a cikinmu ba ta yi wa 'yar tsanarta aure ba, ta jera mata kayan ɗaki da sakaina, ta koyi gaishe da surukai tun ba ta san daka ba? Carafke ya koya mana ƙidaya da saurin hannu, langa ta koya wa maza juriya, idan azumi ya kai goma kuma yara su fito tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, waccan ta zama Mairama ana yi mata faɗan zaman aure. Yaron da ya shiga rigar wani ya yi magana da muryarsa, ya fara gane cewa akwai tunanin da ba nasa ba.

Ta fuskar addini ma, ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai hana su ba. Manufar ilimi ta ƙasa kuma, wadda ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya na firamare, ta bayyana cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki.

Ban ce a ajiye allo da alli ba, muna yin baƙaƙe da lambobi kullum da safe. Kuma inda kike da gaskiya shi ne, idan malami ya saki yara ya koma inuwa yana danna waya, wannan sakaci ne, dole iyaye su yi magana. Aikina shi ne in zauna cikinsu ina tambaya, nawa ya rage, wa ya fi yawa, me za ka ce wa baƙo.

Ranar Laraba da ƙarfe goma za mu yi wasan asibiti. Ki zo ki zauna a gefe ki gani da idonki, kuma duk mai tsohon kwali ko gwangwani a gida, don Allah ya wanke ya ba yaronsa ya taho da shi. Na gode, a gaida gida.