Yaron shago ya ƙi kunna min laptop sai na biya, haka ake yi?

Tambaya: Salam malam, na je wani shago a Kano zan sayi laptop ta karatu, yaron shagon ko ɗago kai bai yi ba sai latsa waya yake, na tambaye shi wace generation ce ya ce "core i5 ce dai hajiya", na ce ya kunna min wai sai na biya tukuna, kuma in kaya ya fita ba a dawo da shi. Raina ya ɓaci na fito abina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, wallahi gara da kika fito. Abin nan yana min ciwo, mutum ya ɗauko kuɗin da ya daɗe yana tarawa a mayar da shi kamar mai roƙo. Kuma ƙin kunnawar ya fi rashin kulawar damuna, don yawancin laptop ɗin kasuwarmu tokunbo ne, wanda kayansa ke da lafiya shi da kansa zai jona miki caja ya ce gwada.

"Core i5" kawai ba amsa ba ce. Ki shiga Settings, System, About ki karanta lambar, i5-6300U ƙarni (wato generation) na 6 ce, i5-8250U na 8, kuma wannan bambancin ba ƙarami ba ne tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance sai daga ƙarni na 8 take farawa. Batir ma kada ki yarda da "yana riƙe awa huɗu", ki buɗe cmd (baƙar tagar rubuta umarni ta Windows) ki rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye miki rahoto a fayil, in kin buɗe shi za ki ga ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage yanzu. Ki duba ma'ajiyar bayanan ko SSD ce (mai sauri) ko tsohuwar hard disk, ki danna madannan duka, ki gwada kyamara da ramukan USB.

Zancen ba a dawo da kaya kuwa, dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ki damar mayar da kaya mai aibi, kuma hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, na karɓar koke. Amma fa sai da shaida, don haka a rubuta miki rasit mai ɗauke da serial number ɗin da ke ƙasan laptop ɗin da kwanakin garanti, in yaron ya tsaya gardama ki ce a kira miki mai shagon.